Kafon jitata ya narke a mota: wace roba ce ke jure zafin Jidda?

Nura Bawadi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san akwai masu firintar 3D a nan, shi ya sa na kawo kukana. Wata uku ke nan da na sayi tawa, ta hannu ce, wani ɗan Filifin da zai koma gida ya sallama mini ita da ragowar zaren roba naɗi biyu. Tun daga nan ba abin da nake bugawa sai tarkacen jita: risha ta kaɗa tsarkiya, abin murɗa kunnuwa idan za a sa sabuwar tsarkiya, ɗan akwatin ajiye risha, sai kafo, wato abin da ake maƙala wa wuyan jita ya danne tsarkiyoyi gaba ɗaya. Kafon nan kwana biyu na yi ina fama da shi kafin ya kama wuyan jitar yadda nake so. Jiya na bar shi a mota, gaban sitiyari, na shiga sallar azahar, daga nan na tsaya cin abinci. Ban fi awa ɗaya da rabi ba. Ina dawowa na tarar bakinsa ya wage kamar na kada, na ɗauka yana lanƙwashewa a hannuna kamar alewa. Da ya huce sai ya sandare a haka. Risha uku da ke kusa da shi sun nannaɗe kamar busasshen ganye. Laifin firintar ne, ko ni ne ban iya saiti ba? Don gobe nake shirin buga maratayin bango in rataye jitar, yanzu kuwa gabana faɗuwa yake.

Sadiƙu Balad:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kafo. Malam Nura, abin da za ka shiga kowane shagon kayan kiɗa ka saya da kuɗin shawarma biyu, shi ka ɓata kwana biyu a kansa?

Nura Bawadi:
Alhaji Sadiƙu, na san za ka fara zuwa.

Injiniya Bashir Yanbu:
Wa alaikumus salam. Nura, duba jikin naɗin zaren, akwai takarda manne. Me aka rubuta?

Nura Bawadi:
PLA, kauri milimita 1.75. Ɗaya baƙi, ɗaya ja. Da baƙin na buga.

Injiniya Bashir Yanbu:
To firintarka lafiyarta lau, saitinka ma haka. Robar ce ba ta ƙasar nan ba ce. Mutane suna ganin ana buga PLA a kan digiri 200 sai su ɗauka sai zafi ya kai haka za ta lalace. Narkewa daban, laushi daban. PLA tana fara sakin jiki tun daga digiri 55 zuwa 60. Motar da aka rufe a ranar Jidda da azahar, saman dashbod yana wuce 70 ba wuya, ga shi kuma baƙa ka yi amfani da ita, ta fi shan rana. Sannan kafo abu ne da ke cikin matsi kullum, da ya yi laushi sai ya buɗe.

Wata robar, PETG, tana kaiwa wajen digiri 80 kafin ta saki. ABS ta fi, wajen 105. Ni a nan gidan duk abin da zai shiga mota ko ya zauna kusa da taga, ba na taɓa PLA. Ita ta kayan ado ce da gwaji. Nakan buga gwajin farko da ita saboda sauƙinta, in girman ya yi daidai sai in sake da PETG.

Maratayin nan kuwa, don Allah dakata. Kar ka buga gobe sai mun yi magana.

Abba Ɗalibi:
Yaya Nura ka sayi PLA+ mana, ita ce mai ƙarfi. Ko ka gasa abin a oben bayan ka buga, na ga ana yi, yana ƙara masa jure zafi.

Injiniya Bashir Yanbu:
Abba, alamar tarawar nan ba ta hana laushi. Yawanci abin da aka ƙara mata rage saurin tsagewa ne, zafin da take ɗauka kusan ɗaya ne. Gashi kuma gaskiya ne yana aiki, amma abin yana tsukewa ta wani gefe ya kumbura ta wani. Ga abin wasa ba damuwa. Ga kafo da aka auna da milimita, ka gasa shi ka fito da wani abu daban. Kuma oben ɗin da Hajiya ke gasa kaza a ciki za ka sa roba?

Abba Ɗalibi:
Na janye maganar oben. To ABS fa, tunda ita ta fi?

Kabiru Safa:
Ni na gwada ABS a shiggata, ba zan sake ba. Ɗaki ɗaya da falo, ga yara. Warin kamar ana ƙona taya, uwargida ta ce ko ni ko injin. Ban da wari, iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tana bugunta sai gefen abin ya ɗage daga farantin da injin ke gini a kai tun ba a yi nisa ba, ka dawo ka tarar zare ya cukurkuɗe kamar taliya. In ka kashe mukayyif kai ne za ka dahu. Sai in kana da firinta mai rufi da ɗakin da iska ke fita. PETG ba ta da wannan fitinar. Ina buga ta a digiri 235, faranti digiri 80, shike nan.

Ustaz Mu'azu:
Assalamu alaikum. Ni tambayata, zauren nan na sana'a ne ko na kiɗa? Ya kamata mu ji tsoron Allah a abin da muke ɓata lokaci a kai.

Admin Lawal:
Wa alaikumus salam, Ustaz, Allah ya saka da alheri. Tambayar Nura ta roba ce da zafi, kuma amsar za ta yi wa mai buga maratayin waya a mota amfani kamar yadda za ta yi masa. Hukuncin kiɗa akwai malamai da wurinsa, ba a nan za mu buɗe shi ba. A ci gaba.

Ustaz Mu'azu:
To madalla. Tunda haka ne, maƙalin lasifikar masallacinmu ya karye, da salatif aka naɗe shi. In akwai mai iyawa ya yi mini magana ta gefe.

Kabiru Safa:
Ustaz turo hotonsa da faɗin lasifikar, wannan aikin minti arba'in ne.

Nura Bawadi:
Injiniya ina jin ka kan maratayin. Fayil ɗin zanen a shafin Printables na samo, mutane da yawa sun buga sun sa hotuna, jitocinsu a rataye lafiya.

Injiniya Bashir Yanbu:
Ka duba ƙasashen masu hotunan. Wanda ke Jamus ko Kanada ɗakinsa bai san abin da ɗakinka ke gani ba ranar da ka tafi dawam, wato wurin aiki, ka kashe mukayyif, rana na dukan bangon tun hantsi.

Abu uku ke kashe maratayi. Na farko ka riga ka gani. Na biyu shi ne wanda ba a gani: PLA in nauyi ya daɗe a kanta tana sunkuyawa a hankali ko da ba zafi sosai. Yau daidai, bayan wata huɗu ƙahonnin sun ɗan buɗe, wata rana cikin dare ka ji ƙara. Jitar katako ba ta wuce kilo biyu da ɗan wani abu, ta lantarki kuwa tana kai kilo huɗu, kuma awa ashirin da huɗu nauyin yake a wurin.

Na uku, wanda ya fi duka, yadda ka kwantar da abin a faranti. Firinta hawa-hawa take gini, layi kan layi. Ƙarfin abin yana bin tsawon layin, rauninsa yana tsakanin hawa da hawa. Ka taɓa faskare? Gatari ba ya yanke icce ta gicciye, jijiya yake bi ya tsage shi. In ka buga maratayin da bayansa a kwance, hannun yana tasowa sama kamar hasumiya, to ka jera masa layukan tsagewa daidai gindin hannun, inda nauyi ke karyawa. Kwantar da shi ta gefe, yadda zare ɗaya zai taso daga jikin bango ya bi hannun har ƙarshe ba yankewa. In siffar ba ta yarda da haka ba, raba shi biyu ka haɗa da noti, ko ka bar rami a tsakiyar hannun ka zura doguwar kusa mai zare, ƙarfe ya ɗauki nauyin, roba ta zama riga.

Kuma kar ka ce za ka cika ciki ɗari bisa ɗari don ya yi ƙarfi, asarar zare ce. Yawan bango, wato layukan da ke zagaye jikin abin ta waje, ya fi yawan ciko. Bango biyar ko shida, ciko kashi 30 zuwa 40, ya wadatar.

Kabiru Safa:
In ƙara a kan na Injiniya: wani lokaci ba robar ke cin amana ba, bangon ne. Ƙwanƙwasa ka ji. In bulo ne, fisha, robar da ake cusawa a rami ta riƙe kusa, mai lamba 8 guda biyu. In jibs ne irin wanda ake raba ɗaki da shi, fishar bulo ba ta kamawa, akwai tasa daban mai buɗewa ta baya. Kuma ka tambayi haris, mai gadin gidan, kafin ka huda, kar a cire maka a kuɗin ajiya.

Sadiƙu Balad:
Ku duba fa. Noti, doguwar kusa, sabon zare, fisha, awa nawa na wuta. Duk don kar a sayi na ƙarfe da ke rataye a shago. Ni ban ga ribar ba. Jitar da ta fi firintar tsada za a ɗora wa roba?

Injiniya Bashir Yanbu:
A kan maratayi kaɗai, Alhaji, ban ƙi taka ba. Da ni ne, na ƙarfe zan saya. Na yi bayani ne don na san halin mai sabuwar firinta, ko an hana shi sai ya buga.

Nura Bawadi:
Kamar kana gidan.

Anti Rabi Riyad:
Sannunku da muhawara. Alhaji Sadiƙu, bari in ba ka wanda ba ka da shi a shago. Ku mutanen Jidda ruwa ne ya yi muku yawa a iska, mu nan babu shi. Da bazara ɗanshin iska a Riyad yana sauka ƙasa da kashi 15, katakon jita kuwa 45 zuwa 55 yake so. Jitar 'yata ta farko haka muka rasa ta. Da farko ƙarafunan wuyan suka fara kartar mata yatsu ta gefe, ashe katakon ne ke tsukewa yana barin su a waje. Ba mu gane ba. Wata safiya muka buɗe jaka muka ga tsaga daga jaki, katakon da ke riƙe tsarkiyoyi a fuskar jitar, har ƙasa, siririya kamar gashi, bayan mako guda tana ɗaukar farce. Yarinya ta yi kuka har ta gode Allah.

Da muka sayi ta biyu, ƙanena ya zana mana wani ɗan kwando mai ramuka, tsawon yatsa, da fukafukai biyu a sama. Ana cusa soson wanke-wanke a ciki, a jiƙa a matse sosai, a zura shi tsakanin tsarkiya ta uku da ta huɗu ya rataya cikin ramin jitar bai taɓa katako ba. Gindinsa a rufe yake don kar ɗigo ya sauka. Sai a rufe jaka da ɗan agogon auna ɗanshi a ciki. Duk kwana biyu ko uku take sake jiƙawa. Shekara ta biyu ke nan, ko alamar tsaga babu. Na san ana sayar da irinsa a intanet, amma lokacin sai an jira a kawo, wannan kuwa daren ranar aka buga.

Sadiƙu Balad:
Hajiya wannan kam na yarda. Amma ki lura, ba ya ɗaukar nauyin komai sai soso.

Anti Rabi Riyad:
Ai shi ya sa ya daɗe.

Kabiru Safa:
Maganar ɗanshi ta tuna mini. Nura, in ka sayo PETG kar ka bar ta a buɗe a kan firinta kamar yadda na san ka bar waccan. Iskar Jidda sha take. Alamar jiƙaƙƙen zare: za ka ji ƙas-ƙas a bakin nozul, inda robar ke fitowa, kamar ana suya, abin ya fito da gashi-gashi da ƙuraje, kuma ya yi saurin karyewa. Ni a bokitin fenti mai murfi nake ajiye nawa da ƙullin silika irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi. In ya riga ya sha, sai an busar da shi wajen digiri 65 na awa huɗu zuwa shida.

Abba Ɗalibi:
A sa shi a motar Yaya Nura mana, kyauta.

Nura Bawadi:
Abba zan kama ka.

To ga wata. Ƙashin ƙasa na jitar, wanda tsarkiyoyi ke hawa a kan jaki, ya cinye, tsarkiya ta biyu ta yi masa rami har tana zuzu. Na auna shi da kalifa, ma'aunin kauri, na zana a manhajar Tinkercad, saura bugawa. Turakun da ke danne tsarkiya ma ɗaya ya ɓace, ashana na cusa. In na yi su da PETG ya yi?

Baffa Idi Shari Mansur:
Assalamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni ido ya yi nisa. Yaro, ina karanta maganarku tun ɗazu ban sa baki ba, don injinku ban san shi ba. Amma yanzu ka shigo gonata. Shekara arba'in ina gyaran udu, molon Larabawa, a Makka, jita ma tana zuwa hannuna. Kar ka sa roba a wurin nan.

Wurin nan shi ne maƙogwaron kayan. Duk abin da tsarkiya ta faɗa, ta nan yake bi ya shiga katako. In ka sa abu mai laushi, shanye muryar zai yi, ka ji jita tana magana kamar mai mura. Kuma waya shida na ƙarfe in an ɗaure su, jan da suke yi ya kai nauyin babban mutum, wajen kilo saba'in. Wanda kamfani ya sa ma ka ga yadda ta ci shi, balle wanda aka gina da zare.

Ƙashi ake sawa. Mu nan Allah ya ba mu na raƙumi, ƙashin ƙafa, mai tauri ne kuma fari. Wurin mahauta nake karɓa. A yanke kawunan, a fitar da ɓargo, a tafasa, a zubar da ruwan, a sake, har maiƙon ya fita, don in ka bar maiƙo zai riƙa tsattsafowa ya ɓata katako. Sai a shanya a inuwa ya yi makonni. Ina da busassu a gwangwani tun bara. Ka zo in ba ka.

Nura Bawadi:
Allah ya ƙara girma, Baffa. Na gode ƙwarai. Sai dai ni ban taɓa sassaƙa ƙashi ba, tsoron da nake kar in goge gindin ya karkace.

Baffa Idi Shari Mansur:
Nan ne aikin yake. In gindin bai kwanta sumul a ramin jaki ba, wata tsarkiya ta yi ƙara wata ta yi shiru. Mu da yatsa muke ji, amma yatsan sai ya shekara yana ɓata ƙashi kafin ya iya.

Injiniya Bashir Yanbu:
Baffa, Allah ya ja kwana, a nan injin zai yi maka yaro. Nura, zanen da ka yi kar ka jefar. Buga shi da PLA ɗin da ta rage, ka sa a jitar ka gwada tsayi. In tsarkiya ta yi sama ka rage rabin milimita ka sake bugawa, kowanne minti goma ne. Ka tuna, abin da ka rage a ƙashin ƙasa, rabinsa ne tsarkiya ke sauka a ƙarfe na sha biyu na wuyan jitar. In ka sami wanda ya yi daidai, shi ne samfurinka, ka ɗora a kan ƙashin Baffa ka zana da fensir.

Sannan ka buga ɗan katanga mai tsaga a tsakiya daidai kaurin ƙashin, mai faɗin gindi, da noti biyu a gefe na matsewa. Ka sa ƙashin ya leƙo ƙasa da iya abin da kake son cirewa, ka manna samfefa a kan gilashi ko tayil, ka yi ta gogawa. Da gindin katangar ya taɓa samfefa, ka gama, kuma ba yadda za a yi ya karkace.

Baffa Idi Shari Mansur:
Jikana ya karanta mini sau biyu. Ni da katako biyu da matsi nake yin wannan, amma kullum sai na sake saitawa. In naku yana tsayawa wuri ɗaya, a yi mini guda. Na udu ƙashin wuya ne kawai, gajere ne, zan ba da awo.

Turke kuwa ka buga abinka, ba ruwansa da murya sosai. Ba shi ke riƙe waya ba, ƙwallon gindin wayar ne ke maƙalewa a ƙarƙashin katako, shi tokare shi kawai yake yi.

Kabiru Safa:
Amma a kwance za ka buga turken, ba a tsaye ba. Na buga a tsaye don ya fi kyau, ranar canjin tsarkiya na ja kan ya tsinke ya bar mini gindin a rami. Sai da na zura hannu ta cikin jitar na turo shi da kwabo. Abin da Injiniya ya faɗa na faskare, shi ne dai.

Abba Ɗalibi:
Ni abin da ya fi yi mini amfani mamurɗin sauti ne. Na sayi tsohuwar jitar lantarki a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh, biyu daga cikin ukun babu. Na sayo sababbi suka ƙi shiga, ashe sandar da suke hawa iri biyu ce, wata haƙora 18 wata 24, duk da kaurin kusan milimita 6 ne. Da na matsa da ƙarfi saura kaɗan in tura sandar ciki. Sai na zana nawa da rami sumul ba haƙora, na buga zobba biyar ƙanana, 5.8, 5.9, 6.0, 6.1, 6.2, na gwada ɗaya bayan ɗaya. Na 6.1 ne ya shiga da ɗan matsi ya zauna. Rami a firinta kullum yana fitowa ƙasa da yadda ka zana, shi ya sa gwajin zobe ya fi buga cikakken abu sau biyar.

Injiniya Bashir Yanbu:
Yawwa Abba, yau ka yi magana. Wannan shi ne wurin da injin ya fi shago: abin da aka daina yi, ko wanda girmansa na kayanka ne kai kaɗai. Asalin firintocin gidan nan ma haka ne. Fasahar tun 1989 aka yi mata rajista a Amurka, tana hannun kamfani ɗaya da tsada. A 2005 wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin RepRap, injin da zai buga sassan jikinsa da kansa. Da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009 sai kowa ya shiga, farashi ya faɗo har ta iso ɗakin Nura a Bawadi. 

Sadiƙu Balad:
Tarihi ya yi daɗi. Ni yanzu ku ba ni lissafin risha. Guda nawa ke fita a kilo ɗaya?

Nura Bawadi:
Guda ɗaya ba ta kai giram ɗaya ba, Alhaji. Ka yi lissafin da kanka.

Sadiƙu Balad:
Na yi. Za ka iya sa sunan shago a jiki? In ba masu sayayya kyauta.

Nura Bawadi:
Ashe mai cewa ɓata lokaci ne ya dawo.

Sadiƙu Balad:
Ban dawo ba. Talla daban, jita a bango daban.

Nura Bawadi:
Suna zai hau, har da launi biyu in an tsayar da injin an canza zare a hawa na ƙarshe. Amma in gaya maka gaskiya kar a zage ka: ba ta kai ta kanti daɗewa. Ta PLA ƙara gare ta kamar gilashi, kuma bakin yana ɓarewa. Na yi kiɗan awa ɗaya da ita na ga jan gari a kan manyan tsarkiyoyi. Irin su Tortex na Dunlop da robar Delrin ake yin su, mai santsi ce da jure gogayya, ba irin tamu ba ce.

Abin da na koya a wata ukun nan: kauri sai ya zama ninkin hawa. In kana son wajen 0.73 kamar matsakaiciyar kanti, ka sa hawa 0.12 sau shida, ka sami 0.72. In ka bar shi a 0.2, ko dai 0.6 ko 0.8 za ka samu. Kuma bakin yana fitowa a tsaye kamar an yanka da almakashi, yana kama tsarkiya. Sai na goge shi a karkace da samfefa mai lamba 400, in bi da 1000, in ƙarasa a jikin wandon jins. Minti uku kowace ɗaya. Hamsin ɗinka, Alhaji, wa zai goge?

Sadiƙu Balad:
Yaran shago suna nan zaune.

Baffa Idi Shari Mansur:
Rishar udu fa? Ita doguwa ce, tsawon tafin hannu, kuma sai tana lanƙwasa tana dawowa. Mutanen da da gashin mikiya suke yi, daga nan sunan ya fito, don risha a Larabci gashin tsuntsu ne. Yanzu duk roba ce, wata ta yi tauri wata ta yi laushi, sai na yi ta kankarewa da reza kafin ta yi wa mai ita daidai.

Injiniya Bashir Yanbu:
Baffa wannan nailan take so, ita ce ke lanƙwasa ba ta gajiya. Amma nailan sai zafi ya kai 250 ko fiye, kuma ƙananan firintoci da yawa akwai farin bututu da ke sauka har bakin wuta, ba a son a kai shi can. Ga ta da shan ruwa fiye da kowace roba, a Jidda yini ɗaya ya isa ta jiƙe. Tawa tana bugawa. In na sauko ƙarshen wata zan taho maka da kauri uku ka gwada, in ba su yi ba ka faɗa mini ba kunya.

Baffa Idi Shari Mansur:
Kunya ba ta cikin aikina.

Anti Rabi Riyad:
Nura kafin a watse, in ka nace sai ka yi maratayin, kula da abin da za ka naɗa a ƙahonnin. Malamin 'yata ya ce wasu jitoci masu tsada, irin na Gibson da Martin, fentinsu ba ya shiri da roba mai laushi irin tiyon ruwa, tana cin sa ta bar tabo a wuya. Ƙyalle ko fata ya ce a sa.

Nura Bawadi:
Anti tawa ba ta kai wannan matsayin ba, amma akwai tsohon bel na fata, zan yanka.

Nura Bawadi:
Jama'a, bayan kwana tara, ga rahoto. PETG ta iso, fara na saya. Na sake kafon, amma na bar dabarar roba mai matsewa da kanta, na yi mai noti M5 da ake ɗaurewa ta baya, na manna guntun tiyub na keke a inda yake danne tsarkiya. Na farko ya fito miƙe sumul, sai tsarkiyoyin gefe suka riƙa zuzu, ashe fuskar wuyan jitata tana da ɗan doro, ba shimfiɗe take kamar ta masu tsarkiyar nailan ba. Na buga 'yan ma'aunai na gwada, na inci 12 ne ya kwanta, na ba kafon wannan lanƙwasar, zuzu ya ɗauke. Jiya da gangan na bar shi a aljihun ƙofar mota tun safe har la'asar, ya fito yadda ya shiga. A kan dashbod ban gwada ba, kuma ba zan gwada ba.

Maratayi na buga, a kwance, bango shida, kusa a ciki. Na ɗaura shi na rataya masa galan na ruwa mai lita biyar, na ja layi da fensir a bango daidai bakin ƙahon. Yau kwana shida bai sauka daga layin ba. Jitar tana cikin jakarta tukuna.

Sadiƙu Balad:
Ka bar galan ɗin a wurin, ya fi dacewa da shi.

Injiniya Bashir Yanbu:
Ba shi wata guda, har da ranakun da mukayyif ke kashe. In layin bai motsa ba ka rataya.

Ustaz Mu'azu:
Maƙalin lasifika ya yi, Malam Kabiru, Allah ya saka. Liman ya ce a tambaya ko za a samu na biyu saboda na ladan.

Nura Bawadi:
Baffa, katangar gogewa biyu na buga, taka da tawa. Taka na bar tsagar da faɗi kaɗan tunda ban sami awon ba, notin zai matse. Juma'a in sha Allahu zan shigo Makka, in na fito Harami zan biyo Shari Mansur.

Baffa Idi Shari Mansur:
Ka zo bayan la'asar, kafin nan ina barci. Ka taho da jitar da samfurin robar da wannan abin awon naka mai lamba. Samfefa kar ka saya, akwai.